Kofato da Taya a Fadamar Haɗeja

Ranar Alhamis da yamma, idan kasuwar Maigatari ta fara watsewa, akan ga motocin Canter sun ɗauko hanyar Gumel, kawunan dawaki na leƙowa ta saman bodi, yaro ɗaya ko biyu na tsaye a tsakaninsu riƙe da ragama. Wasu Kano suka nufa, wasu kuma za su karkata gabas zuwa Haɗeja. Idan Sallah ta ƙarato abin ya fi yawa. Dabbar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana ɗaukar mutum yau ita ake ɗauka, kuma mai doki a wannan ƙasa yana fama da tambayar da ba ta taɓa damun kakansa ba: wace mota ce za ta kai dokin gida ba tare da ta kafe a hanya ba, mai ja da tayoyin baya kaɗai ko mai ja da huɗun duka?

Ƙasar Haɗeja iri biyu ce, kuma kowane iri da nasa halin. Akwai jigawa, tsofaffin tudun rairayi da iska ta tara tun zamanin da ba a rubuta ba, sun yi layi-layi daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. A tsakaninsu akwai fadama, baƙar laka wadda ke tsagewa da rani ta yi tauri, da damina kuma ta koma taɓo mai riƙe ƙafa. Kogin Haɗeja, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, idan ya iso nan sai ya rasa gangaren da zai bi da sauri. Sai ya rarrabu: reshen Kafin Hausa ya balle tun kafin a zo gari, can gaba kuma ga Burum Gana, ga Marma mai zuwa tafkin Nguru, ga tsohuwar hanyar kogin wadda ke zuwa ta haɗu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa. A watannin Agusta da Satumba ruwa kan malale tsakanin waɗannan rassa har ƙauye ya zama tsibiri. Mutumin Guri ko Kiri Kasamma ko Auyo ya san cewa hanyar da ya bi a watan Maris ba lallai ya same ta a watan Satumba ba.

Doki ya dace da wannan ƙasa fiye da yadda mutane ke tunawa. Yana tafiya a rairayi, yana ratsa ruwa mai kai wa ƙirji, inda kuma ya yi zurfi sai a kwance masa sirdi a sa cikin jirgin fito, mai shi ya riƙe ragama, shi kuma ya yi iyo a gefe. Da shi Haɗeja ta yi suna. Bayan Sambo ya kafa mulkin Fulani a garin a farkon ƙarni na 19, ɗansa Buhari ya mai da barga abin tsoro. Ya bijire wa Sakkwato, ya karya rundunar haɗin gwiwa da aka turo masa a Gamon Kaffur a 1853, ya yi ta kai farmaki ƙasashen Kano da Katagum, har ya rasu a 1863 a yaƙinsa da Badawa a Gogaram. Amma ko dawakin Buhari suna da kalandarsu. Fita yaƙi aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida, ƙasa ta bushe, harawa ta samu. Da damina doki turke yake komawa, domin taɓo na gajiyar da shi, bobuwa da sauro kuma suna hana shi sakat a bakin fadama.

Turawa ma da rani suka zo. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, tsakiyar zafin bazara, kafin ruwa ya sauka, suka auka wa Haɗeja da manyan bindigogi. Sarki Muhammadu, wanda tun daga ranar ake kira Mai Shahada, ya faɗi tare da ɗimbin mayaƙansa. Daga nan aikin doki na yaƙi ya ƙare, ya saura na tafiya da na ado. Hakimi da dagaci da Di'o duk a kan doki suka ci gaba da rangadi har shekaru masu yawa. Lokacin da aka yi babban hawa a Kano a 1925 domin tarbar Yariman Ingila, duk dokin da ya fito daga gabas da ƙafarsa ya je, ana yada zango, ana neman ruwa da ciyawa a hanya, domin babu wani abin hawa da zai ɗauke shi.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya lissafin. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, kuma waɗanda suka shata shi sun guji fadama, suka bi tudu ta arewa, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Haɗeja kanta ba ta samu tasha ba. Malam Madori, mai nisan kimanin kilomita 20, ita ta samu, kuma ta bunƙasa da cinikin gyaɗa da kantunan kamfanoni. Jakuna da raƙuma da takarkarai ke kawo kaya tasha, daga baya manyan motoci suka shigo. Su ma motocin na rani ne. Hanyoyin En'e na lokacin na ƙasa ne, kuma da ruwa ya kankama ake daina bin yawancinsu sai kaka.

Motar da ta fara ƙalubalantar damina ita ce Land Rover, wadda aka fito da ita a Ingila a 1948, bayan masu ƙera ta sun ga abin da Jeep ta Amurka ta yi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba a daɗe ba ta zama motar gwamnati da En'e a duk Arewa: malaman gona, malaman dabbobi, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda. Ita ce ta sauko da rangadi daga kan sirdi. Sai dai talaka da ɗan kasuwa ba su bi ta ba. Bayan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kurar 404 da 504 ce ta cika tashoshi, kuma da tayoyin baya kaɗai take ja. Ta fi araha, ba ta shan mai da yawa, kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ko a kasuwar ƙauye ana samu. Inda ta gaza, amalanken shanu ya karɓa. Abin sha'awa, yawancin waɗannan amalanke a kan aksil da tayoyin tsofaffin motoci ake ƙera su, kuma har yau bijimai biyu na fitar da buhunan shinkafa daga inda direba ba zai yarda ya sa tayarsa ba.

Me ya sa mota mai ja da taya biyu ke kafewa? A tsakiyar aksil ɗin baya akwai haƙoran da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu idan za a sha kwana. A kwalta wannan alheri ne. A taɓo kuwa, idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ita ce za ta yi ta juyawa a banza tana haƙa rami, ɗayar na tsaye, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Mai ja da huɗu tana tura ƙarfin inji gaba da baya, tana kuma da ƙaramar giya ta taimako wadda ke sa ta tafi a hankali da ƙarfi. Amma wannan ƙarin ƙarfe nauyi ne, yana ƙara shan mai, yana ƙara abin da zai lalace. A irin su Hilux da tsohuwar Land Cruiser, idan aka bar giyar huɗun a ɗaure a busasshiyar kwalta, tayoyi da haƙoran ne ke cin wuya. Kuma jan taya huɗu na taimakon tashi ne kawai, ba ya ƙara wa burki komai. Direban da ya ɗauko dabba mai rai ya kamata ya riƙe wannan fiye da kowa.

A Amurka da Turai, inda wannan muhawara ta fi zafi, doki a cikin wata 'yar tirela ta musamman yake tafiya, a-kori-kura na jan ta a baya. Can mai doki yakan sayi mai ja da huɗu ne saboda jiƙaƙƙiyar ciyawa a filin sukuwa ko ƙanƙara a hanya. A ƙasar Haɗeja da wuya a ga irin wannan tirela, kuma ba rashin wayewa ba ne. Tayoyin tirela ba sa ja, ja ake yi da su. A rairayi suna nutsewa, a taɓo suna zama birki, kuma idan hanya ta ƙare a bakin ruwa babu filin juyawa da ita. Ɗora dokin a kan motar ya fi dacewa da nan, domin nauyinsa na danne tayoyin baya su kama ƙasa. Dokin Arewa yakan kai kilo 300 zuwa 400. Canter mai tagwayen tayoyi a baya, idan ta ɗauki huɗu ko biyar, ta fi zama daram a burji fiye da lokacin da take wayam. Hilux mai gida biyu kuwa, duk da jan huɗunta, bodinta gajere ne, dokin da aka tsayar a ciki ya yi sama da yawa, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kayar da shi.

Lodin kansa sana'a ce. Ana ja da motar baya har ta manne da wani tudu ko jibgin ƙasa, yadda bakin bodi zai yi daidai da inda doki ke tsaye. An riga an zuba yashi ko buntun shinkafa a daɓen don kada kofato ya zame idan fitsari ya jiƙa ƙarfe. Mai kula da dokin yana gaba yana jan ragama yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, wani na baya yana taɓa shi. Doki ya sa ƙafa ɗaya, ya ji ƙarar ƙarfe, ya ja da baya yana huci. Wanda ya ƙi sai a rufe masa ido da ƙyalle. Da yake dawakin hawa kusan duk ingarmu ne, ba a barin biyu su haɗa baki, ana gicciya itace a tsakani, a ɗaure kowanne gajere. Mai garaje a wannan wuri shi ke sauke doki da targaɗe ranar jajibere.

Ruwan da ake gudu ma ya sauya hali. Madatsar Tiga ta fara aiki a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma shingen da aka yi wa kogin domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja a yankin Auyo. Malalen damina, wanda a da yakan haura murabba'in kilomita 2,000, ya ragu ƙwarai a shekarun fari na 1980. Sannan sakin ruwa daga madatsun da rani ya sa wasu rassan kogin ba sa bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya koma bin inda bai saba ba. Sakamakon shi ne akwai wuraren da a da ake ratsawa da mota tun watan Disamba, yanzu suna jiƙe har bazara, ga kuma ambaliya irin ta 2012 da 2018 da 2020 da 2022 wadda ta yanke hanyoyi ta cinye gonaki. A irin wannan hali ko Land Cruiser sai ta tsaya a bakin ruwa a nemi kwalekwale.

Don haka mai jan huɗu tana da masu ita na gaskiya, kuma ba masu dawaki ba ne a sahun gaba. Ma'aikacin rigakafi da zai kai allura ƙauyen da ke bayan Baturiya, da motar da za ta ɗauko mai naƙuda, da jami'in da zai duba gaɓar da ta karye, su ne bai kamata a tura su fadama da taya biyu ba. Mai doki yana da abin da su ba su da shi: kayan da ya ɗauko na iya sauka su taka. Hakimin da zai kawo dawakinsa Haɗeja domin Hawan Sallah da Hawan Bariki a gaban Sarki Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan gado tun 2002, abin da ya fi masa shi ne a jawo su da ƙafa zuwa bakin kwalta a ɗora a Canter. Kuɗin da zai ƙara wajen sayen mai jan huɗu da ciyar da ita, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gara ya tafi ga tayoyi masu kyau da gyaran burki da direba mai haƙuri.

Akwai kuma lissafin wata. Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ta zagaye damina da rani cikin shekara 33. Ƙaramar Sallar 2012 ta faɗo ranar 19 ga Agusta, Babbar Sallar 2018 ranar 21 ga Agusta, duka a tsakiyar ruwa. A 2025 kuwa Ƙaramar ta zo a ƙarshen Maris, Babbar a farkon Yuni, kuma sai wajen 2041 wata Sallah za ta sake faɗowa a watan Satumba. A shekarun da ke tafe, abin da zai fi damun masu kai dawaki hawa shi ne rairayin jigawa da zafin rana. Rairayi yana da magani mai sauƙi, a rage wa taya iska, a ɗauki shebur da katako biyu, kada a tsaya a tsakiyar yashi. Zafi ya fi haɗari, domin bodin ƙarfe da tsakar rana a watan Afrilu na iya galabaitar da dokin da aka yi wata uku ana kiwo da dawa da kanwa. Gogaggun direbobi sukan yi lodi bayan la'asar ko da asuba, su tsaya a Gumel ko Malam Madori a shayar da dabbobin, sannan a ba su kwana ɗaya ko biyu a turke kafin a ɗaura musu sirdi.