Tarihin Makarantar Monroe ta Garin Topeka

A tsakiyar ƙasar Amurka, cikin jihar da ake ce wa Kansas, akwai wani gari mai suna Topeka a bakin kogi, wanda ko da yake shi ne mazaunin gwamnan jihar da majalisarta, jama'arsa ba su cika dubu 79 ba a ƙidayar 1950, watau a ma'aunin biranen Amurka gari ne matsakaici, irin wanda matafiyi zai ratsa cikin jirgin ƙasa bai ko ɗaga kai daga jaridarsa ba. A kudancin garin nan, inda titin Monroe ya gamu da titi na 15, akwai wani bene na jan bulo da farin dutse wanda aka gina domin ya zama elementaren 'ya'yan baƙar fata, kuma daga cikin ɗakunan karatunsa ne wata mas'ala ta tashi, ta haura har Kotun Ƙoli ta Amurka, ta sauya hukuncin ƙasa baki ɗaya.

Asalin makarantar yana haɗe da asalin garin kansa. A 1854 majalisar Amurka ta bar wa mazauna yankin Kansas zaɓi, ko su halatta bauta a ƙasarsu ko su haramta ta, sai masu son bauta da masu ƙinta suka riƙa kwarara zuwa yankin, kowane ɓangare yana neman rinjaye, har aka zubar da jini mai yawa kafin Kansas ta shiga tarayya a 1861 a matsayin jihar da babu bawa a cikinta. Daga cikin masu ƙin bautar akwai wani Bature, John Ritchie, wanda ya iso Topeka a 1855 ya sayi fili eka 160 a gefen gari, ya kuma riƙa ɓoye bayin da suka gudo daga iyayengijinsu har su sami hanyar wucewa arewa. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1865, aka 'yanta bayi, sai Ritchie ya riƙa yanka filin nan yana sayar wa 'yantattu, wasu ma ya ba su kyauta, alhali kuwa galibin masu filaye a garin ba su yarda su yi maƙwabtaka da baƙin mutum ba. Haka unguwa ta tsiro, yara suka yawaita, har hukumar ilimi ta gari ta ga babu makawa sai an yi musu makaranta.

Aka fara a 1868, cikin wani ɗan ginin haya, aka zauna a ciki shekara shida kafin a gina na dindindin a 1874. Sunan makarantar daga titin aka samo shi, titin kuwa ya ci sunan James Monroe, shugaban Amurka na biyar, gama al'adar Topeka ce ta raɗa wa titunanta sunayen shugabanni bi da bi. Mai lura zai ga abin mamaki a nan, domin Monroe ɗin nan shi kansa mai bayi ne a zamaninsa, kuma shi ne wanda aka sa wa Monrobiya ta Laberiya sunansa, sai ga 'ya'yan 'yantattu suna koyon baƙi da wasali a ƙarƙashin sunansa ba tare da an shawarci kowa ba.

Shekarar 1879 ta zo wa makarantar da abu biyu. Na farko, dubban baƙar fata suka yi hijira daga jihohin kudu zuwa Kansas saboda zaluncin da ya dawo musu bayan janyewar sojan tarayya, har suka kamanta tafiyar tasu da fitar Banu Isra'ila daga Masar a bayan Annabi Musa, da yawansu kuma a Topeka suka yada zango. Na biyu, a cikin shekarar nan majalisar Kansas ta kafa doka cewa duk garin da jama'arsa suka haura dubu 15 yana da izinin raba elementare, fari daban, baƙi daban. A lura, dokar ba ta wajabta rabon ba, halatta shi kawai ta yi, kuma ba ta haɗa da ƙananan garuruwa ba, inda hukuma ba za ta iya ɗaukar nauyin makarantu biyu ba. Saboda haka yaron da ke ƙauye yana zama benci ɗaya da ɗan Bature, amma da iyayensa sun ƙaura birni sai a nuna masa wata ƙofa. Topeka ta ɗauki wannan rangwame da hannu biyu. Sa'an nan a 1896 Kotun Ƙoli ta ƙara masa ƙarfi a shari'ar Plessy da Ferguson, inda ta yanke cewa raba jinsi bai saɓa wa tsarin mulki ba matuƙar abin da aka ba wannan daidai yake da abin da aka ba wancan, kuma wannan tawili shi ya zama madogarar duk masu rabo har shekara 58.

To, a nan ne labarin Monroe ya bambanta da na takwarorinta na kudu. A jihohi irin su Karolina ta Kudu, daidaiton da ake faɗa ƙarya ce tsagwaronta: makarantar baƙi rumfar katako ce mai yoyo, babu mota, babu ruwan famfo, littafi kuwa sai ragowar da 'ya'yan Turawa suka gama yagawa. Amma hukumar Topeka, ko don tsoron shari'a ko don kishin gari, ta yi ƙoƙarin cika sharaɗin. A 1926 ta soma sabon gini kudu da tsohon, ta danƙa zanensa ga Thomas W. Williamson, wanda shi ne gwanin zanen gini na garin, shi ya zana babbar sakandaren Topeka, shi ne kuma daga baya, a 1936, ya zana elementaren Sumner ta Turawa wadda za mu sake gamuwa da ita a gaba. Ya fitar da bene mai hawa biyu bisa salon ginin Italiya na da, mai ajujuwa 13, da ofisoshi, da babban zaure wanda ake wasan motsa jiki a cikinsa da rana a kuma yi taro da dare, da ɗakin koyon sana'ar hannu, da filin wasa a ƙetaren titi domin manyan yara. A cikin elementare huɗu da aka keɓe wa baƙar fata, watau Buchanan da McKinley da Washington da Monroe, ita ce sabuwa. Na Turawa kuwa 18 ne.

Abin da tsofaffin almajiranta suka fi tunawa, duk da haka, malamai ne. Da yake a zamanin nan ƙofofin aiki kaɗan ne ke buɗe ga mai ilimi in baƙi ne, balle mace, sai ya zamana mutanen da a wani hali da sun zama likitoci ko lauyoyi ko shehunan jami'a, suna tsaye gaban allo da alli a hannu suna koya wa 'yan shekara bakwai lissafi. Akwai masu digiri na biyu a cikinsu, kamar Malama Mamie Williams, wadda ta yi karatu a jami'ar Columbia ta New York, ta shugabanci Monroe, daga baya kuma aka sa wa wata makaranta ta garin sunanta. Malaman nan a unguwa ɗaya suke da iyayen yara, coci ɗaya suke zuwa, kasuwa ɗaya suke ci. Yaron da ya yi rashin ladabi da hantsi, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Saboda haka jama'ar unguwa suna alfahari da makarantarsu, kuma ba duka ne suka yi na'am ba sa'ad da aka fara maganar kai hukuma ƙara, malamai musamman, waɗanda suka san cewa in aka haɗa makarantu, abincinsu ne za a fara taɓawa.

Wanda ya ɗauki jagorancin wannan magana shi ne McKinley Burnett, shugaban reshen Topeka na ƙungiyar NAACP mai fafitikar haƙƙin baƙar fata. Tun daga 1948 yake halartar zaman hukumar ilimi yana roƙon a daina rabon, su kuwa suna jan shi da sai wata mai zuwa, har shekara biyu, sa'an nan ƙungiyar ta yanke shawarar zuwa kotu. Aka nemi iyaye 13, masu 'ya'ya 20, aka ce kowa ya kai ɗansa makarantar Turawa mafi kusa da gidansa ya nemi a rubuta shi, domin a ƙi shi a gaban shaidu. Ɗaya daga cikinsu Oliver Brown ne, mai walda a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Santa Fe, mataimakin fasto kuma a cocinsu, wanda 'yarsa Linda take aji uku a Monroe. Gidansu yana unguwar da fari da baƙi ke cakuɗe, Sumner tana nan kusa, ƙawayenta na wasa can suke zuwa. Ita kuwa sai ta yi sammako ta bi ta filin da ake juya taragun jirgi, ko da sanyin hunturu ko da dusar ƙanƙara, ta tsaya jiran motar da za ta ƙetare gari da ita. A kakar 1950 uban ya riƙe hannunta suka je Sumner, aka sallame su. Shi kaɗai ne namiji a cikin masu ƙarar 13, kuma sunansa ne aka sa a goshin takarda sa'ad da lauyoyin gari, Charles Bledsoe da 'yan'uwa biyu Charles da John Scott, suka shigar da ita ranar 28 ga Fabrairu 1951.

Alƙalai uku suka saurari shari'ar a watan Yuni, ƙarƙashin Walter Huxman, tsohon gwamnan Kansas, kuma abin da suka yanke a watan Agusta ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina shi ne ƙashin bayan labarin duka. Suka auna gini da gini, manhaja da manhaja, shaidar malami da shaidar malami, suka ga babu wani bambanci mai girma tsakanin Monroe da makarantun Turawa. Da yake kuma ƙaramar kotu ba ta da ikon shafe hukuncin babba, sai suka ba hukumar ilimi gaskiya bisa nassin Plessy. Amma a cikin abubuwan da suka tabbatar sun rubuta cewa rabon da kansa yana cutar da yaro baƙi, musamman idan doka ce ta tsaya masa, domin ana fahimtarsa a matsayin alamar ƙasƙanci, jin ƙasƙanci kuwa yana rage himmar koyo. Watau sun kayar da masu ƙara, sun kuma miƙa musu makamin da za su ɗaukaka ƙara da shi. Da a ce Monroe rusasshiyar makaranta ce, da Kotun Ƙoli ta sami mafita mai sauƙi, ta ce a gyara rufi, a ƙara albashi, a bar asalin mas'ala yana kwance. Kyawun ginin Williamson da ingancin malaman su suka toshe wannan ƙofa, suka bar alƙalai fuska da fuska da tambayar da suka daɗe suna kauce mata.

Kotun Ƙoli ta duba ƙarar Topeka tare da wasu huɗu, daga Karolina ta Kudu da Birjiniya da Delaware da birnin Washington, Thurgood Marshall yana jagorantar lauyoyin NAACP. Aka yi muhawara a Disamba 1952, alƙalai ba su daidaita ba, aka sa a sake a Disamba 1953. A tsakani Alƙalin Alƙalai Fred Vinson ya rasu, Earl Warren ya gaje shi, shi kuwa ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya har ya sami ijma'insu. Ranar 17 ga Mayu 1954 alƙalai tara, babu mai saɓani ko ɗaya, suka yanke cewa makarantun da aka raba bisa launi ba za su taɓa zama daidai ba, kuma sun kafa hujja da abin da kotun Huxman ta rubuta.

Abin da malamai suka ji wa tsoro bai ma jira hukuncin ba. Tun a watan Maris 1953 shugaban makarantun Topeka, Wendell Godwin, ya rubuta wa wasu malamai baƙaƙe cewa ba za a sabunta musu aiki ba in har kotu ta hana rabo, bisa zaton galibin Turawa ba za su so baƙi ya koyar da 'ya'yansu ba. Kuma abin da aka soma a Topeka da 'yan takardu ya zama ruwan dare a jihohin kudu, inda dubban malamai da hedimastoci baƙaƙe suka rasa aikinsu cikin shekarun da suka biyo. Hukumar Topeka ta ƙuduri janye rabon a hankali tun Satumba 1953, amma da yake yaro unguwarsa yake bi, unguwanni kuma a rabe suke, cakuɗuwar ta yi nawa ƙwarai, har aka sake buɗe shari'ar a 1979, Linda da kanta tana cikin masu ƙara, wannan karo a madadin 'ya'yanta. Mahaifinta bai ga wannan ba, ya rasu tun 1961.

Ita kuwa Monroe, yara suka yi ta raguwa har aka rufe ta a 1975. Hukuma ta mai da ita sito, ta riƙa ajiye motoci a harabarta, sa'an nan ta sayar; wata coci ta riƙe ta ɗan lokaci, wani magini ya saya ya zuba kayan aikinsa a ajujuwan, a 1990 kuma ya yi shelar zai sa ta a gwanjo. Jin haka sai gidauniyar Brown, wadda Cheryl Brown Henderson, ƙanwar Linda, ta jagoranci kafawa a 1988, ta shiga rubuta wasiƙu zuwa ga 'yan majalisa da masu hali, har aka tsayar da gwanjon, aka sa ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1991. Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar da ta mai da shi gidan tarihi ranar 26 ga Oktoba 1992, ɗansa kuma, yana shugaba, ya halarci buɗe shi ranar 17 ga Mayu 2004, shekara 50 cif da hukuncin. Sumner, wadda aka hana Linda shiga, an rufe ta ita ma a 1996. A Monroe yanzu zauren taro da ajujuwan ƙasa sun zama ɗakunan nuni, an kuma mai da ɗakin 'yan rabin aji yadda yake a 1954, da ƙananan kujerunsa da allonsa, inda 'yan makarantun Kansas ke zuwa ziyara cikin motocin makaranta, fari da baƙi a mota ɗaya.