Kainuwa Dashen Allah: Ɗan Tarihin Noman da Ba Ya Buƙatar Ƙasa



Duk wanda ya tashi a gidan haya a Agege ko Idi-Araba ya san yadda ƙasa take da tsada a Ikko. Gidan da muke ciki tun daga bakin ƙofa har bayan ɗakuna siminti ne, kuma ranar da Umma ta roƙi a bar ta ta fasa ko da taku biyu ne a gindin katanga don ta watsa yakuwa, mai gidan ya ce in noma muke so ai mun san hanyar garinmu. Ba ta sake tayar da maganar ba. Abin da ya rage mata shi ne reshen na'ana'a da take tsomawa cikin kwalbar ruwa a kan taga, ya yi saiwa, ya ba mu ganyen shayi na 'yan makonni, sannan ya yi ɗorawa ya mutu, ta sake tsoma wani.

Yanzu bokitan fenti shida nake da su a jere a bayan ɗakinmu, da alayyafo da lalo da ɗoɗɗoya a cikinsu, babu ko cokali ɗaya na ƙasa. Baba, wanda ya haura shekara talatin yana dillancin tumatir da tattasai a kasuwar Mil 12, da ya gan su sai ya ce, "Kai dai ka cika ɗaukar wasan 'yan waya." Wannan magana ce ta sa na zauna na bibiyi asalin abin, sai na tarar ya girmi wayar, ya girmi Baban, ya girmi ma kakan kakansa.

Labarin ya faro ne da wata tambaya mai kama da ta yara: me shuka take ci? Wani likita mai suna Jan Baptist van Helmont, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya auna busasshiyar ƙasa fam 200, wato kusan kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa 'yar bishiya mai nauyin fam 5. Shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Da ya tumɓuke ta ya auna sai ya samu fam 169, ita kuwa ƙasar abin da ta rage bai kai nauyin tumatir ɗaya matsakaici ba. Sai ya yanke cewa ai bishiya ruwa ce zalla. An buga wannan a 1648, bayan rasuwarsa. Yau an san ya yi kuskure, domin mafi yawan itacen daga iska ganye yake haɗa shi da taimakon hasken rana, to amma ya nuna abu guda, cewa shuka ba haɗiye ƙasa take yi ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne John Woodward na Ingila, saboda da na'ana'ar Umma ya yi nasa gwajin. Ya jera kwalabe, wata da ruwan sama, wata da ruwan kogin Thames, wata da ruwan bututun Hyde Park, wata kuma ya dama mata 'yar ƙasar lambu a cikin ruwan. Ya tsoma reshen na'ana'a a kowace, yana auna nauyinsu da yawan ruwan da suka sha. Sakamakon da ya wallafa a 1699 ya nuna cewa gwargwadon dauɗar ruwa, gwargwadon girman shukar. Wadda aka dama wa ƙasa ta bar sauran nesa. Da na karanta wa Baba wannan sai ya yi dariya ya ce wannan kuma har sai Bature ya faɗa? Kowa ya san kainuwa ta fi ƙiba a kududdufin bayan gari inda ake zubar da shara. Gaskiyarsa kuwa. Kainuwa ba ta taɓa ƙasa, abin da ya narke a ruwan take sha, kuma rashin wannan abin ne yake kashe na'ana'ar Umma a ruwan famfo.

Sai da aka yi shekara 160 kafin a gano mene ne ainihin abin da yake narkewar. Wasu Jamusawa biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, a wajajen 1860, kowannensu ya haɗa ruwa da wasu 'yan gishirai da aka auna, ya raini shuka a ciki har ta girma. Su ne sinadaran nan uku da harufan NPK na jikin buhun takin zamani suke nufi, sai kalshiyam, da magniziyam, da farar wuta, da ɗan sinadarin ƙarfe. Amma babu wanda ya kira wannan noma a lokacin. Shekara kusan saba'in abin yana kulle a ɗakunan bincike.

Wanda ya fito da shi waje shi ne William Gericke, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Daga 1929 ya fara shelar cewa za a iya ciyar da mutane da wannan hanya. A bayan gidansa ya raini tumatir da ya kai ƙafa 25, sai da tsani ake tsinkarsa, jaridu kuwa suka yi ca. A 1937 aka raɗa wa abin suna haidiroponik, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwa da aiki. Tsarinsa mai sauƙi ne: kwatami cike da ruwan taki, a shimfiɗa ragar waya a sama, a zuba ɓuntun katako ko ciyawa a kai don riƙe shukar, a bar ɗan sarari tsakanin ragar da ruwan saboda iska. Mai karatu ya riƙe maganar wannan sarari, za mu dawo kanta.

To amma Gericke ya cika baki, kuma ya ƙi bayyana haɗinsa, yana cewa a gidansa ya yi aikin, a lokacinsa. Wasiƙu suka yi wa jami'ar yawa, sai ta sa wasu malamanta biyu, Dennis Hoagland da Daniel Arnon, su bincika. A 1938 suka fitar da ɗan littafi inda suka ba kowa haɗin kyauta, suka kuma faɗi gaskiya mai ɗaci: in ka samu ƙasa mai kyau ka kula da ita, amfanin da za ta ba ka bai gaza na ruwa ba. Shi kuwa Gericke ya bar jami'ar, ya buga nasa littafin a 1940. Ina tuna wannan rigima duk lokacin da aka turo min tallar nan ta WhatsApp, wai ka biya kuɗin horo na kwana biyu ka zama miloniya da bokiti goma. Irin wannan romon baka tun zamanin Gericke ake yin sa.

Inda abin ya yi amfani na haƙiƙa shi ne inda babu ƙasar kwata-kwata. Tsibirin Wake da ke tsakiyar tekun Fasifik zango ne da jiragen kamfanin Pan American suke sauka shan mai a ƙarshen shekarun 1930, kuma duwatsu ne da yashi, don haka a ruwa aka riƙa noma wa fasinja da ma'aikata ganye. Sojojin Amurka sun yi haka a tsibirin Ascension a 1945, sannan bayan yaƙi suka gina gona mai faɗin sama da hekta 20 a Chofu, kusa da Tokyo, saboda ba su yarda da ganyen da aka noma da takin bayan gida ba. Matafiya da baƙi ke nan, mutanen da suka tsinci kansu a wurin da ba su da gona. Ban ga bambancinsu da mu ba sosai.

Daga nan sai abin ya koma hannun masu kuɗi da injuna. A Ingila, Allen Cooper ya fito da tsarin da ruwa yake gudu siriri cikin kwata yana shafar saiwa, wanda ya bazu a shekarun 1970. Yana da kyau, amma famfo ne yake tura ruwan, in aka ɗauke wuta na 'yan sa'o'i da rana tsaka shukar ta langaɓe. Ni da ke unguwar da ake iya kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba, wannan ba nawa ba ne.

Shi ya sa nake ganin ƙimar Bernard Kratky na Jami'ar Hawai, domin shi ragewa ya yi a lokacin da kowa ke ƙari. A shekarun 1980 ya yi aiki a wata cibiyar binciken kayan lambu a Taiwan tare da wani Bajapane mai suna Hideo Imai, kuma a 1988 suka wallafa bayani kan noman tumatir a ruwan da ba ya gudu. Ya ci gaba da gyara tsarin a Hilo, har zuwa takardarsa ta 2009 kan latas, wadda masu sha'awa suka yaɗa a YouTube suka laƙaba wa hanyar sunansa. Ga yadda take: ka cika bokiti da ruwan taki sau ɗaya, ka huda murfin, ka sa ɗan kofi mai huji-huji da dashen a ciki yadda gindinsa zai taɓa ruwan. Shi ke nan. Shuka na sha, ruwa na sauka, saiwa na bin sa. Sararin da ya buɗe a sama, wancan sarari na Gericke, yana cike da iska mai laima, kuma saiwar da ke wurin ita ce hancin shukar, ta ƙasa kuma bakinta. Kan latas ɗaya lita 4 zuwa 6 ta ishe shi har a cire.

A nan na yi ɓarnata ta farko. Na ga ruwa ya yi ƙasa, tausayi ya kama ni, na cika bokitin har baki. Kwana biyu alayyafon ya kwanta, ashe shaƙe shi na yi. Ruwan saman Ikko ma haka yake yi in ya samu hanyar shiga, dole a sa bokitan ƙarƙashin rumfar leda ko bakin kwano inda rana ke samunsu. Farin bokiti kuma sai an naɗe shi, in ba haka ba haske ya shiga gansakuka ta cinye takin. Sai sauro, wanda shi kansa Kratky ya yi fama da shi har ya riƙa sa raga. A gidan haya kuwa, in maƙwabta suka ga tsutsa ɗaya a bokitinka, maganar ta kai gaban mai gida ke nan. Ni tsohon gidan sauro na yanka na toshe duk wata kafa. Taki shi ne mai wuya, domin NPK na buhu shi kaɗai ba ya isa, sai an nemi mai narkewa da aka haɗa don wannan aiki, a ƙara na kalshiyam da gishirin Epsom, kuma sai na je har wajen masu sayar da kayan gona kafin na samu.

Baba bai sauya ra'ayi ba. Ya ce ranar da bokitina ya cika kwando ɗaya na tumatir irin wanda ake saukewa daga Kadawa, in zo mu yi magana, ni ma kuma na san wannan ranar ba za ta zo ba. Amma ran Juma'ar da ta wuce da lalon bokiti aka yi miyar tuwon dare, ya ci bai ce komai ba. Yakuwar Umma ce ta rage. Tana da girma, bokitin fenti ba zai ɗauke ta ba, sai na yanke bakin jarka mai lita 25 na dasa guda biyu. Yau kwanansu 19, ganye shida-shida, kuma kullum da asuba Umma ke riga ni zuwa duba su.