Ƙwayoyin Gado da Asalin Masu Magana da Harsunan Cadi

Tambayar asalin Hausawa tsohuwa ce. Tarihin baka ya danganta sarautun Hausa Bakwai da Bayajida, wanda aka ce ya fito daga Bagadaza. Turawa kuwa, irin su Meinhof a 1912 da Seligman a 1930, sun yaɗa ra'ayin cewa wasu fararen baƙi, watau jikokin Ham, su ne tushen wayewar Afirka. Greenberg ya rushe wannan ra'ayi ta fuskar harshe, kuma a littafinsa na 1963 ya tabbatar da Hausa cikin rukunin Cadi, reshe na dangin Afro-Asiya.

Daga baya sai ilimin ƙwayoyin gado ya shigo fagen. Akwai ƙwayar Y, wadda ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai. Jefi-jefi takan sami ɗan canji, canjin kuma ya bi zuriya tamkar tsagen gado. A 2010 Cruciani da abokan aikinsa suka bayyana wata alama mai suna R-V88, wadda ta yawaita tsakanin masu magana da harsunan Cadi, har ta kai kusan kashi 95 cikin 100 a mazan Uldeme na arewacin Kamaru. Danginta na kusa suna Turai da Asiya, don haka aka ɗauka cewa ta ƙetaro Sahara shekaru dubbai da suka wuce, zamanin da hamadar ke da tafkuna da makiyaya.

Amma fa a nan ya kamata manazarci ya yi hattara. Binciken Černý na 2009 a kan gadon uwa ya sami alamar L3f3 a Tafkin Cadi, ita kuwa gabashin Afirka ta nuna. Ashe ke nan tsatson uba da na uwa ba hanya ɗaya suka biyo ba. Haka kuma tun 1972 Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin gado tsakanin 'yan Adam a cikin kowace al'umma yake, ba tsakanin al'ummu ba.

Saboda haka kuskure ne a mai da R-V88 hujjar farfaɗo da ra'ayin Hamawa, ko ma'aunin tantance Bahaushe na asali. Alamar tana ba da labarin kaka ɗaya ne cikin dubbai. Harshe kuwa koyonsa ake yi, ba a jini ake gadonsa ba, kuma Hausa ta daɗe tana haɗiye baƙi ta hanyar aure da fatauci da zaman birni.