Kada Ka Nemi Littafin Asiri a Kasuwar Garwa

Duk ƙarshen shekara jaridun Ingila da Amurka da Faransa kan fitar da jerin ƙagaggun labaran da suka yi fice, kuma ba a taɓa rasa gurbin irin labarin nan da ake tsintar gawa a shafin farko, ba a sanin wanda ya yi kisan sai a na ƙarshe. Har kyaututtuka na kansu suke da su. Amurkawa na da Edgar, mai sunan Edgar Allan Poe, wanda labarinsa na 1841 ake ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni. Turawan Ingila na da Dagger, wato wuƙa. A Faransa akwai Prix du Quai des Orfèvres tun 1946, wadda shugaban 'yan sandan bincike na Paris da kansa yake jagorantar alƙalanta. Mu a Hausa ba mu da irin wannan jeri. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ba ta ware labarai aji-aji. Ba littattafan muka rasa ba. Sunan da za mu tara su a ƙarƙashinsa ne ba mu tsayar ba, abin da ba shi da suna kuwa ba a yi masa gasa.

Garwa wuri ne mai kyau na duba wannan, domin a rumfa ɗaya sai ka ji Fillanci da Hausa da Faransanci suna karo da juna. Je wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, waɗanda 'yan Kamaru ke kira na poteau, wato na gindin turken lantarki. Littattafan makaranta ne a gaba, musamman a watan Satumba. A can gefe za ka ga 'yan ƙanana masu shiga aljihu, rana ta cinye launin bangonsu, an ɗinke bayansu da zare ko an manne da salatif. Ka ce wa mai su polar ko policier, hannunsa zai tafi kai tsaye: ga SAS na Gérard de Villiers, mai hoton mace riƙe da bindiga, wanda ya rubuta guda 200 daga 1965 zuwa rasuwarsa a 2013, ga San-Antonio, in ka taki sa'a ga Agatha Christie cikin Faransanci. Kalma ɗaya ta wadatar. To sauya harshe, ka tambayi mai littattafan Hausa, waɗanda suka biyo hanyar Yola ko Mubi daga Kano. Abin da zai fara ce maka shi ne, "Malam, na soyayya ko na yaƙi?" Rumfarsa ke nan kashi biyu, sai ɗan na ban tsoro a tsakani.

Kalmar farko da za ta zo wa mai fassara ita ce asiri, tunda abin da Turawa ke nufi da mystery ɓoyayyen al'amari ne. Kada ka kuskura. Ka ce kana neman littafin asiri, za a nuna maka tsohon da ke sayar da na hatimi da sirrin mallaka kusa da masallaci, ko a yi maka wani irin kallo. Asiri a Hausa ya ɗauki kaya da yawa: sihiri ne, sirri ne, kuma mutunci ne, shi ya sa muke roƙon Allah ya rufa mana shi. A nan ma akwai abin lura. Wannan fanni gaba ɗayansa a kan tonon asiri aka gina shi, jaruminsa mutum ne mai shiga gidajen mutane yana tambayar matan aure ina suke daren jiya. A tarbiyyarmu irin wannan sunansa ɗan sa-ido, ko mai bin ƙwaƙƙwafi, kuma ba yabo ba ne.

Sai policier na Faransawa, wanda Larabawa ma suka ara suka ce riwaya bulisiyya. Fassararsa ba wuya: labarin 'yan sanda. Matsalar ita ce sunan ya ɗora ɗan sanda a tsakiyar labari, mu kuwa ba nan muka ajiye shi ba. Dubi sunayen da muka ba masu wannan aiki. Ɗan sanda, da sandar hannunsa aka san shi. Ɗan doka na zamanin En'e, dogari na fada, jandarma na ƙasashen Faransa. Kowannensu sunan kamu ne da tsaro, babu na tunani. Wanda ya ɗan kusa shi ne ɗan si'aidi, shi ma aro ne daga haruffan Turanci, kuma ya koma sunan duk wanda ake zargin yana kai rahoto. In aka yi sata a unguwa, a Garwa ko a Katsina, kafin a je kwamisariya an riga an je wurin mai unguwa, an je wurin malami mai duba, wani ma an kai shi ga rantsuwa da Alƙur'ani. A tatsuniyoyinmu da hikayoyinmu mai gano gaskiya alƙali ne mai dabara ko waziri, ba mai kaki ba.

Mongo Beti ya gane wannan sarai. Bayan ya dawo Kamaru daga dogon zaman gudun hijira ya buɗe kantin littattafai a Yawunde, sai ya rubuta Trop de soleil tue l'amour a 1999. An sace wa ɗan jarida Zam faya-fayan kiɗansa, an tsinci gawa a gidansa, amma 'yan sandan labarin babban aikinsu shi ne kauce wa bincike, don kada zaren ya kai ga wani babba. Littafin 'yan sanda ne da ya mayar da sunan kansa abin dariya.

Wasu al'ummun ba su wahalar da kansu ba, launin bango suka bi. Italiyawa na cewa giallo, ruwan ɗorawa, saboda kamfanin Mondadori ya fara buga irin waɗannan labarai da wannan launi a 1929. Faransawa na da Série noire ta kamfanin Gallimard tun 1945, mai baƙin bango. Mu kuma da kasuwa aka yi wa namu suna: Adabin Kasuwar Kano, laƙabin da Ibrahim Malumfashi ya yayata, marubutan suka ƙi shi, aka sha muhawara a jaridu shi da Abdalla Uba Adamu. Jama'a suka taƙaita suka ce littattafan soyayya. Wannan suna ya yi ɓarna, don ya haɗiye duk abin da aka buga, har wanda babu ko musayar kallo a cikinsa. Nazir Adam Salih ya rubuta Kibiyar Ajali, Maje El-Hajeej Hotoro ya yi suna da labaran tada tsigar jiki, amma wanda bai karanta ba yana jin duk zancen saurayi da budurwa ne. Tun kafin su ma akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, 1982, labarin Mailoma da ta'asar da ta biyo bayan yaƙin basasa, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. A makaranta jigonsu ake tambayar ɗalibi, gyaran hali ko wa'azi, ba a ce masa ga ajin da suke ba.

A ganina masu karatu sun riga masana. Matasan da ke tura wa juna labarai ta WhatsApp da masu kallon fina-finan Indiya da aka fassara suna cewa na bincike, kuma kowa na ganewa. Ya dace ƙwarai, domin bai ce ɗan sanda ba: ɗan jarida na bincike, alƙali na bincike, uwar da ɗanta ya ɓace ma tana yi. Ya fi cakwakiya da sarƙaƙiya da masu talla ke so, waɗanda rikicin kishiyoyi ma ya cancance su. Ɗaya ajin, wanda Turawa ke kira thriller, shi ne har yau yake yawo babu suna. Ba na ban tsoro ba ne, domin na ban tsoro na aljanu da matsafa ne. Bambancinsa da na bincike a lokaci yake: a ɗaya an riga an yi ɓarna ana neman bakin zare, a ɗayan ɓarnar na tafe ana tseren hana ta. Ni da za a bi tawa, na ɗar-ɗar za a ce. Kowa ya san zaman ɗar-ɗar.

Mutanen arewacin Kamaru sun fi kowa saninsa. Shekara da shekaru hanyoyin Garwa zuwa Marwa da Ngaundare na fama da masu tare hanya, waɗanda a Faransanci ake kira coupeurs de route, a bakin jama'a kuma zargina. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne shuɗin wanki da suke shafawa a fuska don kada a shaida su. A ɓangaren Najeriya kwanta-kwanta ake cewa, daga umarnin da suke daka wa fasinja. Suna biyu, ɗaya daga abin da ido ya gani, ɗaya daga abin da kunne ya ji da fuska a ƙasa. Masanin tarihi Saïbou Issa ya yi littafi guda a kansu a 2010, kuma saboda su aka kafa rundunar da ta zama BIR a 2001. Daga baya sana'ar ta koma satar 'ya'yan makiyaya don kuɗin fansa. Kayan labari duk suna nan: ga mai ba da rahoto a kasuwar shanu, ga iyakar Chadi da Afirka ta Tsakiya, ga maharbi mai bin sawu wanda zai dubi ciyawa ya ce mutum nawa suka wuce kuma yaushe. Wannan maharbin shi ne mai bincikenmu na gado, kuma ya fi kowane sufeto na aro dacewa da bangon littafi.

Wanda ke son abin karantawa bana, in yana jin Faransanci, ya haɗa Mongo Beti da Moussa Konaté na Mali, musamman L'Empreinte du renard na 2006, inda Kwamishina Habib ya je ƙasar Dogon ya tarar dokar gwamnati ba ta da ta cewa gaban dattawa. Mai Turanci ya nemi Lightseekers na Femi Kayode, 2021, ko Easy Motion Tourist na Leye Adenle, wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan Lagos Lady. Mai Hausa ya fara da Bature Gagare. In mai rumfa ya sake tambaya na soyayya ko na yaƙi, a ce masa na bincike, a kuma maimaita mako mai zuwa, domin ɗan kasuwa abin da aka yawaita tambaya shi yake sarowa daga Kano.