Giris a ƙafar feda: gardamar da ta girmi kekunan ƴaƴanmu

Dattawa a Gure ba su manta da keken Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin ba. A waɗannan kekuna, ƙusa ce ake bugawa da guduma ta ratsa ƙafar feda ta riƙe ta a jikin ƙarfen tsakiya, sai a ɗaure da noti. In ta yi laƙo-laƙo, mai gyara ya sake buga sabuwa, shi ke nan.

Wajen shekarun 1930 kamfanin Stronglight na Faransa ya fito da wata dabara. Aka sassaƙa bakin ƙarfen tsakiya mai kusurwa huɗu, yana ɗan tsukewa zuwa ƙarshe, aka yi ƙafar feda da alminiyam, noti na tura ta har ta cije. Campagnolo na Italiya ya bi sahu a 1958. Yawancin kekunan gwanjo da yaranmu ke hawa zuwa makaranta yau irin wannan ne.

Daga nan gardama ta taso: a shafa giris a wurin haɗin ko a bar shi a bushe? Campagnolo ya daɗe yana cewa a bar shi a bushe, don kada santsi ya sa ƙafar ta zarce ciki, alminiyam ya buɗe ko ya tsage. Injiniya Jobst Brandt na Amurka, wanda ya rasu a 2015, ya ce giris ba ya ɓarna, yana ma sa ƙarfen ya zauna daidai. A ganinsa, abin da ke tsaga ƙafar feda shi ne yawan ƙara ɗaure noti bayan an riga an ɗaure shi yadda ya kamata.

A ƙasar Muniyo, inda rairayi ke shiga ko'ina, abu na farko shi ne a goge wurin tas kafin a haɗa. In za a sa giris, a shafa kaɗan, a share wanda ya fito, domin shi ke tara yashi.

Iyaye da malamai, ku koya wa yaro cewa in ya ji feda na rawa ya sauka ya tura. In ya ci gaba da takawa, ramin ya cinye, babu notin da zai sake riƙe shi, sai sayen sabuwar ƙafa.