Wasiƙa Daga Ingila: Asalin Jarrabawar Turanci da Ƙofofin da Take Buɗewa

A 'yan watannin nan babu tambayar da ta fi yawan zo mini daga 'yan'uwa masu niyyar fitowa karatu ko neman aiki kamar wannan: "Malam, TOEFL zan rubuta ko IELTS, wacce ta fi sauƙi?" Amsata kullum ita ce, kafin ka nemi mai sauƙi, fara sanin wace takarda mai gadin ƙofar da kake son shiga yake karɓa. To amma don a fahimci dalilin wannan amsa, sai mun ɗan koma baya, domin kowace ɗaya daga cikin jarrabawowin nan an ƙirƙiro ta ne saboda wata ƙofa ta musamman, kuma har yau asalin nata yana bin ta. Waiwaye dai adon tafiya ne.

Tun farko, gwada harshen baƙo a bakin iyaka hanya ce ta korar wanda ba a so. A shekarar 1897 Turawan mulkin mallaka na Natal, a Afirka ta Kudu ta yanzu, suka kafa dokar cewa duk mai son shigowa sai ya rubuta takardar neman izini da wani harshen Turai, kuma Indiyawa ake nufi da dokar. A 1901 Ostireliya ta kwaikwayi wannan dabara: jami'in shige da fice zai yi wa baƙo shifta ta kalmomi 50 a duk harshen Turai da shi jami'in ya ga dama. A 1934 wani ɗan jarida daga birnin Prague mai suna Egon Kisch, wanda ke jin harsunan Turai da dama, ya iso ƙasar, hukuma kuwa ba ta son ra'ayinsa na siyasa. Sai aka yi masa shiftar da harshen Gelik na mutanen tsaunukan Sukotlan, ya faɗi. Babbar kotun ƙasar ce ta soke hukuncin daga baya, amma ita dokar shiftar ba a janye ta ba sai 1958.

Jarrabawar da aka shirya don auna ilimi na gaskiya kuwa, a Jami'ar Kambirij ta soma, a 1913. An yi ta ne don baƙi masu son koyar da Turanci a ƙasashensu. Mutum 3 suka zauna mata, aka shafe sa'o'i 12 ana fassara da insha'i da adabi da ilimin furuci, a ƙarshe babu ko ɗaya da ya ci. Mai karatu zai ga cewa a wancan zamani Turancin littafi ake aunawa.

Abin ya sake salo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da ƙasashen Afirka da Asiya suka fara samun 'yancin kai, ɗalibai suka yi ta kwarara zuwa jami'o'in Amurka. Jami'o'in na bukatar ma'auni guda da za su gwada ɗan Japan da ɗan Iran da ɗan Kwango da shi, ba tare da sun ga fuskar kowa ba. Daga nan aka haifi TOEFL, wadda aka fara yi a 1964 da tallafin gidauniyoyin Ford da Danforth, kuma daga 1965 hukumar ETS ta garin Princeton ta shiga tafiyar da ita. Tambayoyinta duka na canki-canka ne, waɗanda na'ura ke iya dubawa, saboda haka mutum na iya cin ta da maki mai yawa alhali bai buɗe baki ya furta kalma ɗaya ba. A 1986 aka ƙaro gwajin rubuta insha'i, a 1998 ta koma kan kwamfuta, sai a 2005, da aka mayar da ita ta intanet mai maki 120, magana ta zama ɓangare na dole. Ko a nan ma ba da mutum kake magana ba, makirfo kake yi wa bayani a naɗa.

Su kuma Turawan Ingila tasu hanya daban ce. Hukumar British Council, wadda ke kula da ɗaliban da ake kawowa da tallafin karatu, ta yi amfani da wata jarrabawa da Alan Davies ya tsara a shekarun 1960. A 1980 aka maye gurbinta da ELTS, wadda ta sa ɗalibi ya zauna gaba da gaba da mai jarrabawa su yi hira, saboda a lokacin masana harshe sun karkata ga cewa iya harshe shi ne iya biyan bukata da shi. Ana cikin haka Ostireliya ta buɗe jami'o'inta ga baƙi masu biyan cikakken kuɗin makaranta a tsakiyar shekarun 1980, ita ma ta bukaci ma'auni. Sai hukumarta ta IDP ta haɗa kai da British Council da Kambirij, aka fito da IELTS a 1989, mai matakai har 9. Wannan ne ya sa IELTS ta yi ƙarfi a Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan, TOEFL kuma ta yi ƙarfi a Amurka, ko da yake yanzu jami'o'i da yawa na karɓar kowacce.

Da tafiya ta yi tafiya, sai ma'aikatun shige da fice suka ga ai ga ma'auni a shirye, suka ɗauka. IELTS dai iri biyu ce: akwai Academic ta masu shiga jami'a, akwai General Training ta masu neman zama da aiki. A Nuwamban 2010 Birtaniya ta wajabta wa mata ko mijin da zai biyo abokin aurensa ya nuna shaidar ɗan Turanci kafin a ba shi biza. Kanada, wadda ta fara zaɓen baƙi ta hanyar ba da maki tun 1967, ta ƙaddamar da tsarin Express Entry a 2015, inda makin harshe ke iya ɗaga mutum ko ya kayar da shi. Wato jarrabawar makaranta ta sake komawa bakin iyaka, inda kakarta ta faro.

Abin da ya faru a 2014 ya isa wa'azi. A watan Fabrairu na shekarar, shirin Panorama na BBC ya nuna yadda ake maguɗi a wasu cibiyoyin jarrabawar TOEIC a Landan, ita ma ta ETS ce, ana karanta wa ɗalibai amsa, wasu kuma ana zauna musu. Ma'aikatar cikin gida, ƙarƙashin Theresa May, ta nemi ETS ta bincika, ETS ta ce kashi 97 cikin 100 na jarrabawowi kusan 58,000 da aka yi tsakanin 2011 da 2014 ko dai na bogi ne ko akwai shakka a kansu. Aka soke bizar dubban mutane. Rahoton ofishin binciken kuɗin gwamnati na 2019 ya nuna an fitar da kusan mutum 2,500 da ƙarfi, wasu fiye da 7,000 sun tafi da kansu, kuma da yawa daga waɗanda suka kai ƙara sun yi nasara a kotu. Ita ma TOEFL, da ba a kanta aka yi shirin ba, an cire ta daga jerin jarrabawar biza a wannan shekara, tun da uwarsu ɗaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma a nan har wanda bai ci nanin ba nanin ta ci shi.

A gefe guda kuma sababbi sun shigo kasuwa. Kamfanin Pearson ya fito da PTE Academic a 2009, wadda kwamfuta ce ke duba ta har da magana. Duolingo ta fito da tata a 2016, ana yin ta daga ɗaki, kuma annobar korona ta 2020, da ta rufe cibiyoyin jarrabawa, ita ta sa jami'o'i da yawa suka karɓe ta. Akwai kuma OET, wadda aka tsara a Ostireliya a ƙarshen shekarun 1980 don ma'aikatan lafiya kaɗai. Hukumar nas-nas da ungozoma ta Birtaniya ta fara karɓar ta a 2017.

Nan ne inda abin ke yi wa namu ciwo. A jerin ƙasashen da Birtaniya ta yafe wa 'yan ƙasarsu jarrabawa akwai Jamaika da Barbados da Guyana, babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Ɗan Najeriya ko Gana da ya yi karatu da Turanci tun firamare sai ya biya kuɗi ya tabbatar yana jin Turanci, sakamakon kuma bayan shekara 2 ya mutu. A 2022 matasa a Najeriya sun tara sa hannun dubban mutane suna neman a gyara wannan. Sai dai akwai sauƙi ɗaya da mutane ba su cika sani ba: jami'o'in Birtaniya da dama na karɓar sakamakon Turanci na WAEC, galibi daga C6 zuwa sama, kuma a matakin digiri doka ta ba jami'ar da aka amince da ita damar auna Turancin ɗalibinta da kanta.

To, me tarihin nan ya koya mana? Ya koya mana a fara da ƙofa. In jami'a ce, rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya ko WAEC ɗinka ta isa, ka kuma nemi sanin mafi ƙarancin makin kowane ɓangare, domin wani ya kan sami jimla mai kyau rubutu ya kayar da shi. In bizar aiki ko ta aure ce a Birtaniya, kuma jarrabawa za ka rubuta, sai wadda ke cikin jerin ma'aikatar cikin gida, a cibiyar da ta amince da ita. In zama ne a Kanada, IELTS Academic ba ta da amfani a Express Entry, General Training ake so, ko CELPIP, ko PTE Core da aka ƙaro a 2024. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi kuwa, Faransancinsu jari ne a can, ta hanyar TEF ko TCF. Ka kuma lissafa shekara biyun nan, kada takardar ta mutu kana tsakiyar neman biza.

Sai bayan ka tabbatar ƙofarka na karɓar fiye da ɗaya ne maganar sauƙi za ta taso. Wanda bakinsa ya fi sakewa a gaban mutum, hirar IELTS ta fi dacewa da shi. Wanda hannunsa ya saba da kwamfuta, ba ya jin nauyin magana da na'ura, ya duba TOEFL ko PTE. Duk wanda kuma ya ce maka yana da hanyar da za a gyara maka maki, ka tuna da mutanen 2014, ka riƙe kuɗinka da mutuncinka.

Allah Ya ba masu niyya sa'a, Ya sa a fito lafiya a koma gida da abin alheri. A gaida mutanen gida. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.