Yadda Wuta Ta Shiga Cikin Kayan Matafiyi

A watan Maris na 1895, Fridtjof Nansen, mutumin Norwe, ya bar jirgin ruwansa mai suna Fram maƙale cikin ƙanƙara, ya nausa arewa shi da abokin tafiyarsa Hjalmar Johansen da karnuka masu jan kaya. Inda suka dosa babu itace, babu kara, ko ruwan sha ma sai an narka ƙanƙara. Abin da ya riƙe su wata da watanni shi ne wani ɗan risho na tagulla mai suna Primus, wanda shekararsa uku kacal da fitowa kasuwa.

Kafin wannan lokaci, matafiyi a ko'ina yana ƙarƙashin hukuncin zangon da ya sauka. In akwai itace a kafa duwatsu uku a ɗora tukunya, in babu a ci busasshen guzuri a kwanta. An ɗan yi yunƙurin sauya hakan a Ingila, inda Alexis Soyer, wani kuku Bafaranshe mazaunin Landan, ya ƙera ƙaramin murhu mai aiki da sifirit, sannan a 1855 ya je fagen Yaƙin Kirimiya da dabarar wani babban murhun sansani wanda sojan Birtaniya suka yi fiye da shekara ɗari suna amfani da irinsa.

Primus ne ya warware matsalar mutum guda da jakarsa. Frans Wilhelm Lindqvist, wani makaniki a birnin Stockholm na Suwidin, ya lura da yadda fitilar masu sanya dalma ke hura wuta, sai ya ari dabarar a 1892. Murhunsa ba shi da lagwani. Ana zuba kananzir a tanki, a yi masa famfo, a ɗumama kan da ɗan sifirit. Kananzir ɗin yana hawowa sai ya zama tururi, ya gauraya da iska, ya kama da shuɗin harshe mai ruri, babu hayaƙi, babu baƙin tukunya. Da shi Roald Amundsen ya kai ƙarshen kudancin duniya a 1911, da shi kuma Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka narka ruwan sha a kan dutsen Everest a 1953.

Sai dai duk waɗannan masu neman tsira da rai ne, shayi da miya mai zafi sun ishe su. Gashin nama a daji don nishaɗi kuwa, mota ce ta kawo shi.

Bayan da Henry Ford ya fito da motarsa mai araha ta Model T a 1908, iyalai a Amurka suka samu halin loda tanti da tukwane su tafi bakin tafki su kwana biyu. Shi kansa Ford ya mayar da abin al'ada. Kusan kowace shekara har zuwa 1924 yakan fita da Thomas Edison da Harvey Firestone mai tayoyi, a 1921 har Shugaba Warren Harding ya bi su. Zaman daji ne irin na masu hannu da shuni, da kukukai da motar kicin da masu ɗaukar hoto, amma jaridu sun yayata shi, talakawa kuma suka kwaikwaya daidai ƙarfinsu. Ford bai bar ribar ta wuce shi ba. Masana'antarsa ta katako a jihar Mishigan tana tara tarin guntaye da dusa, sai ya sa ana mayar da su gawayi, ana curawa ƙanana daidai wa daida, ana sayarwa a shagunan dillalan motarsa tare da ƙaramin abin gashi. Gawayin nan shi ne daga baya aka raɗa wa suna Kingsford.

A birnin Wichita na jihar Kansas, kamfanin Coleman mai fitilun famfo ya fito da murhun zango mai naɗewa kamar akwati a 1923. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, rundunar Amurka ta nemi a ƙera mata risho ƙarami wanda soja zai saka a jaka, ya ci kowane irin mai, ya kama a zafi da sanyi. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera fiye da miliyan guda. Sojojin da suka dawo gida sun saba da girki a fili. A 1952 George Stephen, ma'aikacin wata maƙera a Chicago, ya tsaga wani ƙwallon ƙarfe irin wanda ake sakawa a ruwa don nuna wa jirage hanya, ya yi masa ƙafafu da murfi. Daga nan aka samu magasar Weber, wadda murfinta ke kare wuta daga iska, ya kuma rarraba zafi.

Gas ya daɗe yana jiran lokacinsa. Tun 1910 wani masanin sinadarai na gwamnatin Amurka, Walter Snelling, ya binciki dalilin da ke sa fetur raguwa a tanki, ya gano cewa iskar da ke tsere masa ta ƙunshi furofen da buten, kuma in an matsa su cikin tulun ƙarfe suna zama ruwa. Matsalar ita ce nauyin tulun. Faransawa ne suka fara rage shi. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, kuma tanti ne masaukin da yawancinsu ke iya biya. A 1949 aka kafa kamfanin Camping Gaz a Liyon, ya fito da ƙaramin shuɗin tulu, a tsakiyar shekarun 1950 kuma ya kawo risho mai suna Bleuet, wanda ke zama bisa gwangwanin da ake yarwa in ya ƙare. A Japan, kamfanin Iwatani ya fito da murhun tebur a 1969, mai dogon gwangwani da ake kwantarwa a gefe, ba tiyo. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta tona wani aibi, domin an kai wa mutane agajin gwangwanaye waɗanda ba su shiga murhun wani kamfanin. Bayan nan aka daidaita girmansu.

Magasar gas kuwa ta fara ne a Amurka a shekarun 1950, da duwatsun aman wuta a ƙarƙashin raga don su riƙe zafi. Duwatsun suna shan kitse su kama da wuta, don haka a 1985 kamfanin Weber ya maye gurbinsu da sandunan ƙarfe masu kama da jinka, waɗanda maiƙo ke ɗiga a kai ya ƙone ya ba nama ƙamshi. Ƙananan da ake ɗauka da hannu biyu a saka bayan mota jikokin wannan ne.

Wanda ya shiga shago yau zai tarar da wannan tarihi jere a kanta, kuma zaɓinsa yana komawa ne ga irin tafiyarsa. Mai mota zai iya ɗaukar magasa mai ragar ƙarfen zubi, wadda ke da nauyi amma tana riƙe zafi, mai tafiya a ƙasa kuwa kowane giram a kafaɗarsa yake. Buten yana daina zama iska in sanyi ya kai na daskarewar ruwa, furofen kuwa yana aiki har digiri 42 ƙasa da sifiri, shi ya sa gwangwanayen masu hawan dutse ke zuwa a gauraye. Bakin gwangwani ma iri-iri ne, wani ana murɗawa, wani ana dannawa, wani hudawa ake yi, kuma wanda bai duba ba tun a gida zai kwana da ɗanyen nama. Akwai kuma haɗarin da bai sauya ba. A 1934 Richard Byrd ya kusa rasa ransa a bukkarsa a Antaktika saboda gubar kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari, wadda ke taruwa duk inda aka kunna wuta a rufaffen wuri, har da tanti.

A ƙasar Hausa abin ya iso ta wata ƙofa dabam. Kalmar risho daga Faransanci aka aro ta, kuma ƙaramin tulun nan mai kilo 3 ko 6 da ake ɗaura wa kan murhu, har yau ’yan kasuwa a Nijeriya da sunan zango suke kiransa, kamp gas. Masu sayensa ɗalibai ne da gwagware da masu shayi da amaren da ke ɗaki ɗaya, kuma galibinsu ba su taɓa kwana a tanti ba.